Rijiya Ta Bayar, Guga Ya Hana: Ina Intanet Ɗin Jami'o'inmu Yake Maƙalewa?

Ɗan'uwa ɗalibi, 'yar'uwa ɗaliba, kafin ka ci gaba da karanta wannan rubutu, ɗan tsaya ka yi lissafi. Nawa ka kashe a sayen data daga farkon wannan zangon karatu zuwa yau? Ka cire na kallon ƙwallo da na TikTok, wannan tsakaninka da aljihunka ne. Ka ƙirga na rajistar kwasa-kwasai kawai, da sauke handawut ɗin da malami ya tura a guruf ɗin WhatsApp, da binciken aikin da aka ba ku, da duba sakamako. In ka haɗa jimlar, sai ka tambayi kanka daga ina kuɗin suka fito.

Mu 'yan Dandume mun san amsar. Daga buhun masara suka fito, ko na shinkafa, ko waken suya da Baba ya kai kasuwa. A yankinmu na Funtua da Malumfashi, kusan duk ɗalibin da ka gani a jami'a gona ce ke ɗauke da shi. A shekarar 2025 manoma sun sha kuka kan faɗuwar farashin hatsi alhali taki na ta hawa, kuma a watan Janairun shekarar ne hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin 100. Buhu ya rage daraja, data ta ƙara tsada, ɗan manomi na tsakiya. Shi ya sa idan ana maganar ƙara ƙarfin intanet a jami'a, ni ban ɗauke ta maganar 'yan boko masu son burga ba. Magana ce ta aljihun iyayenmu.

Ina da ƙanwa da ke karatu a ɗaya daga cikin jami'o'in nan namu na Arewa. Ranar ƙarshe ta rajista ta kira ni wajen ƙarfe goma sha ɗaya na dare, muryarta na rawa. Ta ce, "Yaya, tun la'asar nake zaune a gindin laburare, Wi-Fi ɗin ya nuna ya haɗu amma shafin ya ƙi buɗewa, datata kuma ta ƙare." Na tura mata abin da ya sawwaƙa, ta sayi data, ta gama rajistar da nata layin. Abin da ya tsaya min a rai shi ne, a cikin rasit ɗin kuɗin makarantarta akwai wani layi da aka rubuta kuɗin fasahar sadarwa. An biya, ta kuma sake biya. Na tabbata kai ma ka san irin wannan labarin, in ma ba kai ya faru da kai ba.

Mu da muka fito daga kudancin Katsina ba sai an yi mana lakca kan amfanin sadarwa ba, mun ɗanɗana rashinta. A watan Satumban 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar saboda yaƙi da 'yan bindiga. Dandume na ciki, haka Funtua, Bakori, Malumfashi, Faskari, Sabuwa, Ƙanƙara, har da Dutsin-Ma inda jami'ar tarayya take. Sai a watan Disamba aka fara maido da sabis. A waɗannan watanni, mai jiran sunansa ya fito a jerin waɗanda aka ɗauka, da mai son biyan kuɗin makaranta, da mai neman aiki, sai dai ya shiga mota ya nufi Zariya ko wani garin da ke da sabis, don kawai ya buɗe imel. Duk wanda ya rayu a wannan lokaci ya san cewa intanet ya daina zama kayan ado. Tun 2015 jarrabawar JAMB gaba ɗayanta ta koma kan kwamfuta. Bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024 ta intanet ake nema. Rajistar bautar ƙasa ma haka. An kai duk ƙofofin can, saura a ba mu hanyar isa wurin.

Kada wani ya ce ba a taɓa yin komai ba. An yi, kuma ya kamata ka san tarihin don in ka tashi tambaya ka yi ta da hujja. A shekarun 2000 gidauniyar MacArthur ta Amurka ta tallafa wa Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano wajen gina harkar kwamfuta da sadarwa. A 2014 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da NgREN, wata hanyar sadarwa ta musamman don bincike da ilimi, wadda ta haɗa jami'o'in tarayya 27 da tallafin Bankin Duniya, kowace da layi mai ƙarfin megabit 155 a daƙiƙa. Da kuɗin tallafin suka ƙare, biyan kuɗin ci gaba da haɗin ya zama aiki, tafiyar ta yi ta tangal-tangal. A ƙarshen 2022 kuma ministan sadarwa na lokacin, Farfesa Isa Ali Pantami, ya ƙaddamar da shirin kai intanet mai ƙarfi manyan makarantu 18 a ƙarƙashin NCC. A cikin jerin akwai Jami'ar Ahmadu Bello, da Jami'ar Bayero, da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua ta Katsina. Asusun TETFund shi ma yana ware wa manyan makarantu kuɗin harkar fasahar sadarwa.

To, in duk an yi wannan, me ya sa har yau ɗalibi ke zagaye makaranta da waya a sama kamar mai neman wata? Kai da ke cikin makarantar kai ne alƙali, gani ya kori ji. Amma bari in warware maka inda ruwan ke tsiyayewa, don sau da yawa mukan zagi "netwok" ba tare da mun san wane ɓangare ne ya gaza ba.

Na farko shi ne girman bututun. Ɗauki intanet kamar ruwan famfo. Abin da jami'a ke saya a wurin kamfani shi ne faɗin bututun da ke shigowa makaranta, ana auna shi da megabit a daƙiƙa. Mu yi ɗan lissafi da wancan megabit 155. A ce ɗalibai 2,000 ne kawai suka hau a lokaci guda. In ka raba, kowa bai samu ko kashi ɗaya cikin goma na megabit ɗaya ba. Littafi mai nauyin megabait 10 zai ci maka kusan minti 17 kafin ya sauka, bidiyon lakca kuwa sai dai ka haƙura. Shi kuwa tsarin intanet na ƙasa na 2020 zuwa 2025 ya sa burin megabit 25 a birni, 10 a karkara. Layin da ya yi kama da abin alfahari a 2014, lokacin da ba kowane ɗalibi ke da babbar waya ba, yau ya zama kamar a ce unguwa guda ta sha ruwa da tsinken shan lemo. Duk shekara ana ƙara ɗaukar ɗalibai, kowa da waya, wasu da laftof. In ba a faɗaɗa bututun daidai da yawan jama'a ba, komawa baya ake yi ko da ba a rage komai ba.

Na biyu shi ne rabon ruwan a cikin gida. Nan ne rijiya ke bayarwa guga ya hana. Jami'a na iya sayen layi mai ƙarfin gaske, ya iso ɗakin na'urori, ya wuce ofishin shugaban makaranta da na magatakarda da na ma'aji, shi ke nan ya tsaya. Babu wayar fiba zuwa tsangayoyi, babu isassun na'urorin Wi-Fi a ɗakunan lakca, hostal kuwa ba a ma maganarsa. Kowace na'urar Wi-Fi tana da iyakar mutanen da za ta iya ɗauka. In ka liƙa guda ɗaya a zauren da ke cin mutum 500, za ka ga alamar ta cika a wayarka amma ko saƙo ɗaya ba zai fita ba. Kuma ki lura, 'yar'uwa, ke wannan ya fi cuta. Namiji zai iya zama a bakin laburare har sha biyun dare yana jiran sabis ya saki. Mace fa? Da yanayin tsaron da muke ciki, wace uwa ce za ta so 'yarta na yawo a duhu don neman sabis? Intanet ɗin da bai shiga hostal ɗin mata ba, rabin ɗalibai ya bari a waje.

Na uku wuta. Na'ura ba ta aiki da addu'a kaɗai. Ka tuna watan Oktoban 2024 da aka lalata layin wutar Shiroro, jihohin Arewa da dama suka shafe kwanaki cikin duhu? A irin wannan lokaci, ko megabit dubu goma makaranta ta saya, in babu sola da batir a kan kowace na'ura, aikin banza ne. Jami'ar Bayero ta samu tashar sola mai ƙarfin megawat 7.1 a 2019 a ƙarƙashin shirin hukumar samar da wuta a karkara. Wannan ya nuna abu ne mai yiwuwa a ƙasar nan, kuma rana dai ba mu rasa ta ba a Katsina.

Na huɗu, wanda ya fi kashe irin waɗannan ayyuka, shi ne kuɗin gobe. Intanet ba gini ba ne da za a yanka zare a tafi. Haya ce, duk wata ko duk shekara sai an biya. Na'ura za ta ƙone, tsawa za ta faɗo, mai aikin kwalbati zai datse waya, dole a samu injiniyan da ke kan aiki da kuɗin gyara a hannu. Mu kuwa mun fi ƙwarewa a bikin ƙaddamarwa. A zo da manyan baƙi, a ɗauki hoto, a sa a Facebook, bayan wata shida ka tarar gizo-gizo ya yi saƙa a jikin akwatin. Tun ran gini tun ran zane: duk wanda zai kawo aikin intanet jami'a, a tambaye shi tun ranar farko wa zai biya kuɗin shekara ta biyu da ta uku.

Akwai kuma wata matsala da ta fi ƙarfin jami'a ita kaɗai, wato nisa. Manyan wayoyin da ke kawo intanet Najeriya ta ƙarƙashin teku suke biyowa, yawancinsu kuma Legas suke sauka: MainOne da Glo-1 a 2010, WACS a 2012, Equiano na kamfanin Google a 2022. Daga bakin teku sai an ja fiba ɗaruruwan kilomita kafin ta iso Zariya, Funtua ko Katsina, kuma a jihohi da dama kowace mita akwai kuɗin izinin haƙa da ake karɓa. An yi matsaya a kan naira 145 kowace mita don a rage tsadar, amma an daɗe ana jan ƙafa wajen aiwatarwa a wurare da dama. Shi ya sa megabit ɗin da jami'ar Legas za ta saya da sauƙi, tamu sai ta ji a jikinta. Gwamnatin tarayya na maganar shimfiɗa fiba mai tsawon kilomita 90,000 a faɗin ƙasa. Wajibi ne wakilanmu su tsaya su ga cewa wayar ba ta bi babban titi ta wuce mu ba, ta ratsa garuruwa irin su Dandume, Sabuwa da Faskari.

Na san abin da wasu dattawa za su ce, har da wasu malamanmu: "In an ba su intanet kyauta, TikTok za su kalla da finafinan Indiya." Gaskiya ce, wasunmu za su yi, kada mu yaudari kanmu. Amma wannan matsala ce da ke da magani a hannun injiniya. Ana ba kowane ɗalibi lambar shiga tasa, a ware masa adadin da zai yi amfani da shi a rana, a ba shafukan karatu da na laburare fifiko da rana, a sassauta na nishaɗi da dare. Jami'o'in duniya haka suke yi. Ba a rufe rijiyar gari don wani ya yi wanka da ruwan sha. Kuma wanda ke cewa YouTube wasa ne, ya tambayi ɗaliban lissafi da na likitanci a ina suke fahimtar abin da ya shige musu duhu a aji.

Wasu kuma za su ce, makarantar da ba ta da isasshen ruwa da bayi da kujeru, ga matsalar tsaro, ina ita ina intanet? Wannan ƙorafin ya fi na farko nauyi, ban raina shi ba. Sai dai ka duba me rashin intanet ya jawo mana. A 2020 da korona ta sa aka rufe makarantu, jami'o'i masu zaman kansu da dama sun ci gaba da karatu ta intanet, 'ya'yan masu hali suka gama a kan lokaci. Mu na jami'o'in gwamnati, ga kulle ga yajin aikin ASUU, muka zauna a gida kusan shekara. A 2022 aka sake yin wata takwas. Ba intanet ne zai hana yajin aiki ba, amma a yankin da hanya kan yi haɗari kuma makaranta kan iya rufewa ba shiri, jami'ar da ke da lakcocinta da littattafanta a intanet ita ce ɗalibinta ba zai yi asarar shekara ba. Sannan laburaren da ba shi da kuɗin sayen sababbin littattafai, intanet ne hanyarsa mafi arha. Akwai shirin Research4Life da ke buɗe wa makarantun ƙasashe masu tasowa dubban mujallun bincike kyauta ko a kan kuɗi kaɗan, har da ɓangaren AGORA na harkar noma da Hinari na lafiya. Ƙofar a buɗe take, amma sai mai sabis ke shiga.

Akwai kuma ribar da ta wuce katangar makaranta, wadda ta shafe mu kai tsaye. A Samaru ta Zariya akwai cibiyar binciken aikin gona ta IAR, inda aka fitar da ire-iren masarar SAMMAZ da waken SAMPEA da manomanmu ke shukawa, ga kuma NAERLS mai kula da wayar da kan manoma. Tun 2016 tsutsar nan mai cin masara ta shigo ƙasar nan tana ɓarna. Ka yi tunanin ɗalibin aikin gona ɗan Dandume da ke da intanet mai kyau a makaranta. Babansa ya turo masa hoton ganyen da ya lalace, ya bincika, ya nuna wa malaminsa, kafin magariba ya mayar da amsar maganin da ya dace da yadda ake fesa shi. Wannan shi ne amfanin ilimi a wurin wanda ya sayar da buhu ya biya kuɗin makaranta.

Ba sai mun ƙirƙiro sabuwar dabara ba. A Kenya jami'o'i sun haɗa kai tun 1999 a ƙarƙashin KENET, suna sayen intanet a dunƙule su raba a tsakaninsu. Dabarar 'yan kasuwar hatsi ce: mai sayen tirela ba farashinsa ɗaya da mai sayen tiya ba. Me zai hana Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua, da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, da Al-Qalam, da Kwalejin Hassan Usman Katsina, da sauran manyan makarantun jihar su haɗa ciniki ɗaya? Ga kuma Starlink da ya fara aiki a Najeriya a farkon 2023. Ba zai ɗauki jami'a guda shi kaɗai ba, amma zai iya zama madogara ranar da fiba ta yanke. Mun ga abin da ya faru a watan Maris na 2024 da wayoyin ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, har bankuna suka rikice. Makarantar da ta dogara da layi ɗaya tal, ranar da ya yanke sai kowa ya naɗe hannu.

To, kai mene ne naka a ciki? Na san ka iya rubuta "wannan makarantar sai a hankali" a sitatus, amma wannan ba ya gyara komai. Ga abin da nake ganin ya fi.

Ka auna. Akwai manhajojin gwada saurin intanet kyauta, irin su Speedtest. Ku haɗu ku goma ko ashirin, ku riƙa gwadawa a laburare, a ɗakin lakca, a hostal, safe da rana da dare, na tsawon mako biyu. Ku rubuta wuri da lokaci da sakamako. Shugaban da zai yi watsi da zagi, da wuya ya yi watsi da takardar da ke ɗauke da lambobi.

Ka tambaya, cikin ladabi kuma a rubuce. Megabit nawa makarantar ke saya? Nawa ake tarawa daga kuɗin fasahar sadarwa da ɗalibai ke biya, kuma me ake yi da su? Wane hostal ne ke da Wi-Fi, wanne ne babu, yaushe za a sa? Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ɗan ƙasa damar neman irin wannan bayani daga hukumomin gwamnati. Ƙungiyar ɗalibai ta makarantarku da ƙungiyar ɗaliban jihar Katsina, NAKATSS, su ne ya kamata su ɗauki wannan takarda. Lokacin zaɓen shugabannin ɗalibai, duk ɗan takarar da ya zo neman ƙuri'arka, tambaye shi me zai yi a kan wannan kafin ka karɓi sitika da lemo.

Sannan mu ma mu gyara namu halin. Wanda ke sauke fim goma a layin makaranta ranar rajista, haƙƙin 'yan'uwansa yake ci. Wanda ya ga ana cire batir ko ana yanke waya ya kawar da kai, da shi aka yi ɓarnar. Kayan gwamnati ba na banza ba ne, kuɗin masarar iyayenmu ne ya bi ta wata hanya ya dawo.

Ga shugabannin jami'o'inmu kuma, da girmamawa: ranku ya daɗe, idan za ku sanar da ƙarin ƙarfin intanet, kada ku tsaya a faɗin adadin da ya iso ɗakin na'urori. Ku faɗa mana abin da ɗaliba za ta samu a kan gadonta a hostal da ƙarfe tara na dare, ku liƙa shi a allon sanarwa, ku kuma sa lambar da za a kira in ya gaza. A nan ne za mu gane ko an ƙara ko ba a ƙara ba.

Ƙanwata tana aji uku yanzu, baɗi za ta fara rubuta furojet. Na riga na fara ware mata kuɗin data, don na san halin da ake ciki. Amma akwai dubban ɗalibai daga Dandume zuwa Malumfashi da ba su da yayan da za su kira da sha ɗayan dare. Saboda su nake roƙonka, wannan makon ka buɗe wayarka a cikin makaranta, ka gwada saurin, ka ɗauki hoton sakamakon, ka kai wa wakilin ajinku. Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya kawo mana zaman lafiya a yankinmu.